WANE NE MAI ILMI, WANE NE JAHILI?

'Yan'uwana malamai da ɗalibai, akwai wata kalma ta Ingilishi wadda mu ke cin karo da ita kullum a takardun gwamnati da littattafan koyon aikin malanta. Kalmar ita ce "literate". In ka tambayi ɗan aji ɗaya ma'anarta, nan da nan zai ce maka wanda ya iya karatu da rubutu ke nan, wanda bai iya ba kuwa shi ne "illiterate", watau jahili. To, a kan wannan fassara ta ƙarshe na ke so mu ɗan tsaya, gama ina ganin akwai rashin adalci a cikinta, kuma da bakinmu mu malamai a ke yaɗa shi.

Asalin kalmar daga Latin ne, harshen Rumawan dā, inda a ke kiran harafi "littera". Bayan daular Rum ta faɗi, Latin ya zauna a Turai kamar yadda Larabci ya zauna a ƙasar Hausa. Ba a cin kasuwa da shi, amma da shi a ke ibada, da shi a ke rubuta littattafan ilmi. Wanda ya ƙware a cikinsa shi a ke kira mai haruffa, watau masani. Basarake ko yana jin harsuna uku, yana riƙe da ƙasa da hikima, in ba shi da Latin ba a sa shi a wannan lissafi. Da wannan ma'ana ta masani kalmar ta shiga Ingilishi a ƙarni na 15.

Don ku ga irin darajar haruffa a zamanin nan, a Ingila karatu yakan fid da mutum daga igiya. Dokarsu ta ware ma'aikatan coci daga hukuncin kisa a kan waɗansu laifuffuka, shaidar zama ɗaya daga cikinsu kuwa ita ce iya karatu. A 1598 wani marubucin wasanni mai suna Ben Jonson ya kashe mutum a faɗan takobi. Aka buɗe masa Zabura ta Latin a gaban alƙali, ya karanta, ya tsira daga rataya, sai lalas kawai da aka yi masa a babban yatsa. Da ya ke kusan kullum aya ɗaya a ke buɗewa, sai ɓarayin da ba su san ko harafi ɗaya ba suka riƙa haddace ta. A 1706 aka soke wannan jarrabawa. Ashe tun a lokacin an gane furta haruffa daban, ilmi daban.

Kalmar ba ta ƙanƙance sosai ba sai a ƙarshen ƙarni na 19. A 1870 Ingila ta yi dokar kafa makarantun elementare, a 1880 ta tilasta wa yara zuwa. Gwamnati tana so ta san ko kuɗinta na aiki. Ilmi kuwa ba ya hawa sikeli, amma ana iya ƙirga waɗanda suka sa hannu da sunansu da waɗanda suka yi ɗan zane kawai. Sai kalmar da a dā ta ke nufin shehin malami ta koma nufin wanda ya iya rubuta sunansa. A wannan hali na rama ta ƙetaro teku ta iske mu, kuma haruffan da ta ke ƙirgawa su ne na mai mulki.

Mu duba nan Naraguta. Wajen 1904 ne H. W. Laws, ma'aikacin Kamfanin Neja, ya kafa sansaninsa a nan don haƙar kuza, tun garin Jos bai tsaya da ƙafafunsa ba. Me ya jawo su? Siraran sandunan dalma ne da suka gani a hannun fatake a kasuwanni. Su wa suka narka su? Mutanen Liruwen Dalma, waɗanda suka san inda kuza ta ke kwance a rafi, suka san wanke ta, da gina murhu, da irin gawayin da ya dace. Wannan sani sun gāje shi kaka da kakanni. Amma da aka zo rubuta sunaye a littafin kamfani, yaron da ya yi shekara uku a makaranta shi ne mai ilmi, tsohon da ya san sirrin dalma kuwa lebura ne jahili. Haka manomin Birom ko na Anaguta da ya san yadda a ke noma acca a ƙasa mai tsakuwa har ta ciyad da gida.

Wani zai ce wannan ai sana'a ce, ba karatu ba. To, sai ya je gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, ya tambayi tarin littattafan Larabci na rubutun hannu da ke ajiye a can. Mutanen ƙasar nan suka rubuta su ko suka kwafe su. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta tarihi da magani da sha'anin mulki. 'Yar'uwarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ba ɗayansu da ya san baƙaƙen boko. Wa zai iya buɗe baki ya kira su jahilai?

A farkon shekarun 1950 Gwamnatin Jihar Arewa ta tashi tsaye don koya wa manya karatu, aka sa wa aikin suna Yaƙi da Jahilci. Aiki ne mai albarka ƙwarai, mutane da yawa sun amfana, ba mai musun haka. Sai dai sunan ya bar mana tabo. A Hausa jahili ba wanda bai san abacada ba ne kawai. Kalma ce mai nauyi, tana nufin wanda bai san daidai da ba daidai ba. Da aka ɗaura ta a wuyan kalmar Ingilishi, sai ɗan elementare ya koma gida yana yi wa uban da ya haife shi kallon jahili.

Abin mamaki, irin ramar da ta sami kalmarsu ta sami tamu. "Malam" daga Larabci ta ke, ma'anarta mai koyarwa, kuma a dā sai an sha wuyar littattafai a ke samun ta. A 1909 Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano, ya koya wa waɗansu malamai boko, suka shiga aikin En'e da sunansu na malanta. Daga nan aka sami malamin haraji, malamin gona, malamin asibiti, malamin daji, har ta kai duk mai tsabtatacciyar riga Malam ne. Yau ga Jami'ar Jos, wadda ta tsaya da kanta a 1975, ta yi matsuguni a Naraguta, kuma don a bambanta manyan masananta sai da aka ƙara wata kalma, aka ce Shehun Malami.

Kada a ɗauka ina rena haruffa. Wanda ba ya iya karanta rasit, ko takardar magani, ko saƙon da ya shigo wayarsa, kullum yana hannun wani, kuma sau da yawa a kan cuce shi. Wajibinmu ne mu kai haruffa kowace bukka. Amma haruffa ƙofa ce, wanda ya tsaya a bakin ƙofa kuwa bai shiga ɗaki ba.

Saboda haka ina roƙon ɗalibanmu abu uku. Na ɗaya, in za ku fassara kalmar nan ku ce "wanda bai iya karatun boko ba", ku bar jahili a inda ya dace. Na biyu, in an kawo muku yaron da ya yi allo, ku tuna ya riga ya san cewa zane yana ɗauke da sauti, ku yi gini a kan wannan, kada ku mai da shi farko kamar bai san kome ba. Na uku, in kun je ƙauye ku nemi maƙeri da manomi da ungozoma ku yi tambaya, gama abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba.

Ran da kuka karɓi satifiket kowa zai kira ku Malam ko Malama. Kyauta za a ba ku sunan, amma bashi ne, da karatu da tawali'u a ke biyansa har ƙarshen rai. Allah ya ba mu ikon biya, amin.