Matatar kalmomi ba ta san nahawun Hausa ba

Ɗalibin da ke bibiyar labaran BBC Hausa, RFI, DW da Aminiya ta manhajar tattara labarai irin su Inoreader ko Thunderbird yakan kafa matatar kalmomi, domin ta ware masa abin da ya shafi bincikensa. Dabara ce mai kyau, sai dai mai amfani da ita ya sani cewa manhaja siffar haruffa kawai take dubawa. Wanda ya rubuta kalma ɗaya ya tafi, labarai da yawa za su wuce shi ba tare da ya ankara ba.

Matsala ta farko ita ce haruffa masu lanƙwasa. Yawancin kafafen labarai na intanet suna rubuta "kasa" a wurin "ƙasa", "dalibi" a wurin "ɗalibi". A wajen kwamfuta, k da ƙ haruffa ne biyu dabam, don haka dole a shigar da siffofin biyu. Haka kuma ƙa'idar rubutun da Nijar ta tabbatar a 1999 tana amfani da ƴ, Najeriya kuwa 'y take rubutawa, sannan wasu su rubuta "yan" kurum.

Ta biyu ita ce ƙirar kalma. Matatar da aka umarta ta nemo "makaranta" a matsayin cikakkiyar kalma za ta tsallake "makarantar" da "makarantu". Idan manhajar tana karɓar ɓangaren kalma, tushen "makarant" ya wadatar. Amma "birni" da "birane" sai an jera kowanne. Sunayen wurare ma haka suke: Yamai da Niamey, Damagaram da Zinder, Cadi da Chadi.

Ta uku ta fi haɗari. Rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, shi ya sa "fari" ke iya zama launi, ko rashin damina, ko jam'in fara. Mai nazarin labaran noma ya haɗa ta da "damina" ko "manoma".

Saboda wannan ne nake ganin ɗalibi ya yi amfani da matata wajen yi wa labari alama, kada ya ba ta ikon gogewa. Labarin da aka yi wa alama bisa kuskure ido zai gano shi. Wanda aka goge kuwa ya ɓace, kuma kundin da aka gina a kan ragowar zai ba da sakamako gurgu. Duk mako a leƙa labaran da matatar ta bari, a ƙara kalmomin da suka kuɓuce mata.