Zuwa ga Masu Gyaran Bindigar Farauta na Ƙasar Jahun

Ƙannena da 'ya'yana maƙera da masassaƙa.

Yabo tukuna, don kun cancanta. Waldarku ta fi tamu tsabta, kuma kunamar da a da sai an kai Kano, yau a Aujara ko Harbo ake gyara ta. Allah ya ƙara basira.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne cushe-cushen da kuke yi tsakanin ƙota da ƙarfe. Maharbi ya zo ya ce bindigarsa tana kuskure, ba ku ce ya ɗaga ta ku gani ba, sai ku kwance noti, ku yanko silifa ko tsohon tub, wani ma kwalin sukari, ku danna, ku ɗaure, ku karɓi kuɗi. Wa ya koya muku wannan?

Na san inda kuka gano shi. Bindigogin Italiya irin su Beretta da Benelli suna zuwa da 'yan siraran faifai da ake sawa a wannan mahaɗa, don a sunkuyar da ƙota ko a karkata ta dama ko hagu. To amma nasu masu tauri ne, an yanka su daidai fuskar ƙarfen, kowanne da lambar awonsa a jiki. Silifa kuwa lotsawa take yi. Harbi kaɗan ƙota ta fara girgiɗi, dukan da ya kamata ya bazu ko'ina ya taru a gefe guda, itace ya tsage a wuya, daidai inda hannun mutum da kuncinsa suke. Ga danshin fadama da damina, ga hunturu ya zo ya busar. Ko maɗaci mai kyau sai ya motsa, balle roba.

Kuma ko da ƙarfe kuka sa, me kuka auna? Bindigar tsuntsu ba ta da saiti a baya. Idon maharbi shi ne saitin. Inda kunci ya kwanta nan ido yake tsayawa, inda ido ya tsaya can harsashi zai bi. Bayan ƙota ya yi tudu, harbi ya tashi sama. Ya yi ƙasa da yawa, ƙarfe ya tare ido, mutum ya ɗaga kai, kirinjijiya ta wuce. Mai faffaɗan kumatu in ka ba shi miƙaƙƙiyar ƙota, yana harbi da kafaɗar dama, hagu zai riƙa zubawa. Sai ya koma gida yana cewa an yi masa sammu, ya kai wa boka kuɗin da hakkin masassaƙi ne.

Maigidanmu da ya koya mana, Allah ya jiƙansa, ba ya taɓa gizago sai ya tsayar da mutum. Ya dubi tsawon wuyansa da faɗin ƙirjinsa, ya tambaye shi ko da rigar layu yake shiga daji, don kaurinta ma yana cin tsawon ƙota. Ya ce ya rufe ido ya ɗaga bindiga, babu komai a cikinta, sannan ya buɗe. Abin da ya gani shi ake gyarawa. A kankare kaɗan, a sake gwadawa, wani lokaci har mako. Bai san boko ba, amma abin da kamfanin Purdey na Landan, wanda aka kafa a 1814, yake yi wa attajirai da bindigar gwaji mai lanƙwasuwa, shi yake yi da ido da haƙuri. Su Turawan ma lissafinsu ba ɓoyayye ba ne: a harbi allon ƙarfe daga yadi 16, kowane inci ɗaya na kuskure yana neman gyaran kashi ɗaya cikin 16 na inci a ƙota. Ku dubi ƙanƙantar wannan, sannan ku dubi kaurin silifa.

A lokacin, kafin dam ɗin Tiga na 1974 ya rage ambaliya, kafin kachala ta toshe magudanai, dinya takan rufe fadamun Miga, ko makahon harbi ya samu na miya. Yau tsuntsu ya ragu, harsashi ya yi tsada, gandun Baturiya kuma hukuma ta hana farauta a cikinsa. Duk harbin da ya kauce, ko dai asara ce ko rauni ga dabbar da za ta je ta mutu a cikin ciyawa ba yanka. Ku kuma kuna gaggawar sallamar mutum biyar kafin motar Gujungu ta tashi. Wallahi abin kunya ne a kira wannan sana'a.

Ku yi haƙuri, harshe ya yi kaifi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. In dole sai an sa wani abu a mahaɗa, ya zama mai tauri, a goge shi ya zauna daram, bayan an auna mai bindigar. In ƙotar ba tasa ba ce, ku gaya masa gaskiya a sassaƙa sabuwa. Wanda kuma ya zo ba takardar izini, ku sallame shi da fara'a. Zamanin bai yi kyau ba.

A miƙa gaisuwata ga Sarkin Maƙera da Sarkin Baka.

Naku,
Wani tsohon masassaƙi, Jahun