Malamin da ya karɓe makarantun cocinsa

Duk lokacin da gardama ta tashi kan ko gwamnati ta mayar wa majami'u makarantun da ta karɓe a hannunsu, mutum ɗaya ne ke faɗo mini a rai, kuma ba ɗan ƙasar nan ba ne. Julius Nyerere nake nufi, shugaban Tanzaniya na farko, wanda har gobe mutanensa Mwalimu suke ce masa, wato Malam.

Ɗan sarkin ƙabilar Zanaki ne, an haife shi a Butiama a 1922, bai shiga aji ba sai da ya kai shekara 12. A 1943 aka yi masa baftisma a ɗarikar Katolika, yana saurayi da hankalinsa, don addinin ba gadonsa ya yi ba. Da ya gama kwalejin Makerere, makarantar mishan ta St Mary's da ke Tabora ce ta fara ba shi alli. Da ya dawo daga ƙaro karatu a Edinbara a 1952, a wata makarantar tasu ya ci gaba da koyarwa, St Francis ta Pugu, kusa da Darussalam. Ko bayan ya hau mulki, an san shi da sammakon zuwa sujada kusan kullum. To wannan mutumin ne gwamnatinsa ta kafa dokar ilimi ta 1969, wadda ta sa makarantun mishan a hannun hukuma. Makarantun horar da limaman coci ne aka bar wa masu su.

Kafin mu yi masa hukunci, mu dubi abin da ya tarar. Turawan Ingila sun raba karatu gida uku: na Turawa, na Indiyawa, na baƙar fata. Kason baƙar fata kuwa mafi yawansa mishan ke riƙe da shi, gwamnati tana ɗan tallafa musu. Saboda haka rabon yaro ya danganta da inda masu wa'azi suka yada zango. Yankin Kilimanjaro da Bukoba suka yi fintinkau, wasu yankunan ko allo ba su gani ba. Musulmin bakin teku, waɗanda suka ba jam'iyyarsa ta TANU ƙarfi a Darussalam tun kafa ta a 1954, su ne a baya, domin uba yana tsoron ya kai ɗansa neman karatu a dawo masa da shi da wani suna. Mu a nan ba sai an fassara mana wannan tsoro ba, kakanninmu sun yi shi.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne daga inda Nyerere ya ɗebo hujjarsa. Mutane da yawa in sun ji gurguzu sai su tuna Rasha da musun samuwar Allah, kuma wasu limaman cocinsa da wannan idon suka kalli manufarsa ta Ujamaa. Shi kuwa daga cikin imaninsa yake magana. A 1970 ya tsaya gaban sistocin Maryknoll a New York ya gaya musu cewa sadaka kaɗai ba ta isa ba. In coci ba ta shiga yaƙi da tsarin da ke haifar da talauci ba, matalauta za su ɗauke ta abokiyar azzalumai. A ganinsa, in mutum darajarsa daga Mahalicci take, bai kamata a ce ɗan wane ya yi karatu ɗan wane ya yi kiwo don kawai coci ta gina aji a wannan ƙauye ba ta gina a wancan ba. Kowa yana iya yin wa'azin adalci da dukiyar wani. Shi da ya tashi rabo, daga rumbun gidansu ya fara ɗiba, kuma waɗanda suka fi cin moriyar rabon ba 'yan addininsa ba ne. Wannan nake girmamawa.

Aikin bai tsaya ga doka ba. A 1967 aka mai da Suwahili harshen koyarwa a firamare, aka kuma fito da manufar ilimi don dogaro da kai. Aka keɓe 1970 don yaƙi da jahilci tsakanin manya. A 1977 aka buɗe ƙofar firamare ga kowane yaro. Shi da bakinsa ya faɗa daga baya cewa Turawa sun bar masa ƙasar da kashi 85 cikin 100 na manyanta ba su iya karatu ba, da injiniya 2 da likita 12, ya kuma sauka a 1985 kashi 91 suna karatu da rubutu. Ko an rage wa wannan lissafi wani abu, tazarar ba ƙarama ba ce.

Ba zan rufe ido ga laifinsa ba. An tilasta wa miliyoyin manoma ƙaura zuwa ƙauyukan Ujamaa tsakanin 1973 da 1976, wasu a bayan mota aka kwashe su. Ƙasar jam'iyya ɗaya ce, ana tsare mutum ba shari'a. A 1968 aka rushe babbar ƙungiyar Musulmin Afirka ta Gabas a ƙasar, aka kafa BAKWATA a gurbinta, abin da har yau yake yi wa Musulmi da yawa ciwo. A fannin ilimin ma, an matse sakandare ƙwarai, an ɗauki malamai cikin gaggawa, sannan yaƙin Yuganda na 1978 zuwa 1979 da karyewar tattalin arziki suka bar aji ba littafi. Daga baya kuɗin makaranta ya dawo, aka sake ba masu zaman kansu dama. Yau in sakamakon jarrabawar sakandare ya fito a Tanzaniya, makarantun coci sukan cika sahun gaba.

Da wannan sakamakon ake kafa hujja cewa Malam ya yi kuskure. Ni ban gamsu ba. Makarantar da ke tace ɗalibanta da jarrabawar shiga, ta kuma karɓi kuɗi mai kauri, dole ta yi fice. Ba ta da yaron da ya zo aji da yunwa, ba ta da aji mai ɗalibi ɗari. Ban raina ƙwazon sistoci da fada-fada ba, tarbiyyarsu da riƙon amanarsu abin koyi ne. Amma gwada su da makarantar da ba ta da ikon korar kowa zalunci ne.

Mu ma a Najeriya mun bi wannan hanya. Bayan yaƙin basasa jihohi suka karɓe makarantun mishan, suka kasa riƙe su, sai aka fara mayarwa: Legas a 2001, Anambra a 2011. Gine-gine sun gyaru, ba musu. Sai dai a wurare da yawa gwauruwar da ke jefa baikonta ranar Lahadi ba ta iya kai ɗanta makarantar da aka gina da wannan baiko. Haka abin yake a makarantun kuɗi masu sunan Musulunci a Kano da Kaduna, inda ladanin unguwa ba ya ko tambayar kuɗin zango. Masu faɗa a ji na addinan biyu sun kwashe 'ya'yansu daga makarantar gwamnati, shi ya sa in rufinta ya yaye ba ka jin maganar a mumbari.

Nyerere ya rasu a Landan ranar 14 ga Oktoba 1999. 'Yan shekaru bayan haka cocin Katolika ta yankin Musoma ta buɗe binciken ko ya cancanci shiga sahun waliyyai, kuma maganar tana nan ba a yanke ba. Masu binciken za su tattara shaidu kan ibadarsa da gudun duniyarsa. Ina fata su sa dokar 1969 a cikin takardun, su kuma je Tabora da Tanga su ji ta bakin dattawan Musulmin da suka shiga aji ta dalilinta.