NAZARI: Dalmar da ta kashe yaran Anka da Bukkuyum na nan kwance a ƙasusuwan iyayensu mata

A watan Fabrairun 2022, ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta miƙa wa hukumomin Jihar Zamfara ragamar shirin yaƙi da gubar dalma, bayan kusan shekara goma sha biyu tana gudanar da shi a yankin Anka da Bukkuyum. A tsawon lokacin an gwada jinin yara sama da 8,000, an ba dubbai maganin fitar da guba, an kuma kankare gurɓatacciyar ƙasa daga gidaje. Ga masu kallo daga nesa, labari ya ƙare ke nan.

Sai dai shirin tun asalinsa ya karkata ne ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar, domin su ne ke mutuwa a lokacin. Matan da suka daka dutsen, suka tankaɗe shi, suka share ƙurarsa, ba su ne abin gaggawa ba. Matar da take da shekara 35 a 2010 ta cika 50 a 2025, wato ta shiga shekarun ɗaukewar al'ada, lokacin da ƙashin mace ke fara zaizayewa da sauri. A ilimin likitanci kuwa, daidai lokacin ne dalmar da jiki ya adana shekara da shekaru ke samun hanyar komawa cikin jini.

Abin da ya faru a tsakar gida

An gano annobar ne a watan Maris na 2010, bayan da aka ga yara na mutuwa birjik a wasu ƙauyuka. Dutsen da ake haƙowa don neman zinare cike yake da dalma. Maza su kawo shi gida, a farfasa, a daka a turmi ko a niƙa a injin da ake niƙa hatsi, a shanya a tsakar gida inda ake girki kuma yara ke rarrafe. Ƙauyukan Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji da Bagega a Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum, na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Aƙalla yara 400 ne suka rasu.

Binciken da hukumar CDC ta Amurka ta yi tare da hukumomin Najeriya a ƙauyuka biyu ya gano cewa kashi ɗaya cikin huɗu na ƙananan yaran wurin sun mutu cikin shekara guda. Ya kuma nuna cewa yaron da mahaifiyarsa ke aikin sarrafa dutsen ya fi fuskantar haɗarin mutuwa. An karanta wannan sakamako a matsayin bayani kan yara, alhali shaida ce kuma a kan iyaye mata: ƙurar da ta kashe jaririn da ke goye, ta fara bi ne ta hancin mai goyon.

Ƙashi, rumbun dalma

Jiki na ɗaukar dalma tamkar sinadarin kalsiyam, don haka ya kai ta inda yake ajiye kalsiyam ɗin. A jikin babba, fiye da kashi 90 cikin 100 na dalmar da ta shiga na taruwa ne a ƙashi da haƙora. Wadda ke cikin jini kan ragu da rabi cikin kimanin wata guda, amma ta cikin ƙashi sai ta shafe shekara goma zuwa talatin kafin rabinta ya fita.

Shi kuwa ƙashi abu ne mai rai, kullum ana rushe tsoho ana gina sabo. Idan mace na da ciki ko tana shayarwa, jiki kan ɗebi kalsiyam daga ƙashinta, dalma ta biyo shi. Idan al'ada ta ɗauke, sinadarin istrojin da ke taka wa rushewar birki ya ja baya, mace kan iya rasa kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfin ƙashinta a shekaru biyar na farko. Tun a 1988 wani nazari kan alƙaluman lafiyar Amurkawa ya nuna cewa matan da al'adarsu ta ɗauke sun fi waɗanda ba ta ɗauke ba yawan dalma a jini, wani kuma a 2003 ya danganta dalmar da hawan jini a tsakanin matan wannan rukuni. Waɗancan mata ba su taɓa daka dutsen dalma a turmi ba, hayaƙin fetur da tsohon fenti ne kawai suka shaƙa.

Akwai wasu dalilan da ke ƙara nauyi a yammacin Zamfara, har da Gummi wadda ba ta kasance cibiyar annobar ba. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa macen Arewa maso Yamma na haihuwar 'ya'ya 6.6 a matsakaicin lissafi, kowane da goyo mai tsawo. Abincin talaka kuma hatsi ne, kalsiyam ɗin cikinsa kaɗan ne. Binciken da aka wallafa daga Jos a 1999 ya tabbatar da cewa ƙarancin kalsiyam a abinci ne ke lanƙwasa ƙafafun yara da dama a Najeriya. Nono da kindirmo da kan cike giɓin sun yi wuya a inda satar shanu ta watsa rugage. Hanjin da ke ƙishin kalsiyam kuwa ya fi saurin zuƙar dalma.

Cutar da ake kira tsufa

Zaizayar ƙashi, wadda likitoci ke kira ostiyoforosis, ba ta da zafi har sai an karye. Alamominta sanannu ne a kowane gida, sunanta ne ba a sani ba: tsohuwa ta rage tsawo, bayanta ya ranƙwafa, ko ta zame a bakin rijiya ƙugu ya karye. A ce tsufa ne, ko sanyin ƙashi, a kira mai ɗori. Gidauniyar yaƙi da cutar ta duniya ta ƙiyasta cewa mace ɗaya cikin uku da suka haura 50 za ta gamu da irin wannan karaya, kuma kusan mutum ɗaya cikin biyar da suka karye a ƙugu kan rasu cikin shekara guda, galibi saboda abin da doguwar kwanciya ke jawowa: gyambon kwanciya, ciwon huhu da daskarewar jini.

A ƙauyen da ake kwana da kunne ɗaya, lissafin ya fi haka muni. A hare-haren farkon Janairun 2022 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, mazauna yankin sun ce an kashe kusan mutum 200, gwamnati ta ce 58. Wanda ya iya gudu ya fi samun tsira. Tsohuwar da ƙugunta ya karye sai dai a ɗauke ta ko a bar ta. Kuma a gidajen da aka kashe ko aka sace magidanta, sau da yawa kaka ce ke riƙe da marayu.

Ruwan da ake ƙarawa sau ɗaya a shekara

Maganin wannan cuta ba sabo ba ne. Akwai ƙwayar alendronet da ake sha sau ɗaya a mako, amma sharuɗanta na da tsauri: da sassafe kafin a ci komai, da cikakken kofin ruwa, kuma kada a kishingiɗa sai bayan rabin sa'a. Ko a ƙasashen da kantin magani ke bakin ƙofa, kusan rabin masu shan ta na dainawa cikin shekara guda.

Na biyun shi ne zoledronik asid, wanda kamfanin Novartis ya fitar da sunan Aclasta, a Amurka kuma Reclast, kafin wasu kamfanoni su fara yin mai rahusa. Miligiram biyar ake ɗura wa mace ta jijiya cikin minti 15 ko fiye, sau ɗaya a shekara. Maganin kan manne a jikin ƙashi ya rage kuzarin ƙwayoyin halittar da ke rushe shi. A babban gwajin da aka wallafa a 2007, wanda mata sama da 7,700 suka shiga na tsawon shekara uku, ya rage karayar ƙashin baya da kashi 70 cikin 100, ta ƙugu da kashi 41. Wani gwajin na shekarar, kan mutanen da suka riga suka karye a ƙugu, ya nuna raguwar mace-mace da kashi 28. A 2018 kuma masu bincike a New Zealand suka nuna cewa ko duk wata 18 aka ba da shi yana rage karaya.

Ga matar da ke Bagega ko a matsugunin 'yan gudun hijira a garin Anka, wadda kowace tafiya zuwa asibiti kasada ce da rai, bambancin da ke tsakanin ƙwaya 52 da zuwa asibiti sau ɗaya ba ƙarami ba ne. Ba ya buƙatar ɗakin tiyata, kuma ma'aikaciyar jinyar da ta iya sa ruwa za ta iya ba da shi ƙarƙashin kulawar likita. Ko na'urar auna ƙarfin ƙashi ta DXA, wadda sai a manyan asibitocin birane, ba dole ba ce a kowane hali: ƙa'idojin likitanci sun yarda cewa macen da ta manyanta ta karye a ƙugu ko ƙashin baya daga 'yar faɗuwa ta cancanci magani ko ba a auna ba.

Wannan ruwa ba maganin fitar da dalma ba ne. Aikinsa rage zaizayar ƙashi da hana karaya. Alaƙarsa da dalma ita ce, ƙofar da yake ragewa ita ce ƙofar da gubar ke bi ta koma jini.

Sharaɗin ƙoda

Inda gizo ke saƙar shi ne ƙoda. Ta nan maganin ke fita, kuma an hana ba da shi ga wadda ƙarfin tacewar ƙodarta ya gaza mililita 35 a minti. Dalma kuwa sananniya ce wajen lalata ƙoda sannu a hankali da tayar da hawan jini. Ke nan matan da suka fi kusanci da ƙurar su ne kuma suka fi yiwuwar cutuwa idan aka ɗura musu ruwan ba tare da gwaji ba.

Don haka kafin allura ta shiga jijiya, dole a auna sinadarin kiriyatinin don sanin lafiyar ƙoda, a tabbatar kalsiyam ɗin jini bai yi ƙasa ba, a ba da kalsiyam da bitamin D, a duba haƙora, a kuma tabbatar mace ta sha ruwa sosai. Kusan mace ɗaya cikin uku kan yi zazzaɓi da ciwon jiki na kwana biyu zuwa uku bayan karon farko. A yankin da kowane zazzaɓi ake ɗauka na cizon sauro ne, idan ba a yi bayani tun farko ba, jita-jita kaɗai ta isa ta kashe shirin.

Akwai kuma haɗarin kasuwa. Ƙarin ruwa na da farin jini a ƙasar Hausa, har wasu na ganin ba a yi magani ba in ba a rataya leda ba. Ranar da sunan wannan magani ya faɗa hannun masu kemis a matsayin ruwan ƙarfin ƙashi, za a wayi gari ana jinyar ƙoda maimakon ƙugu.

Alhakin na kan wa?

Ba doka ko hukuma aka rasa ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin 100 na kuɗin shigar tarayya ga asusun kula da lafiya a matakin farko. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta tanadi asusun marasa galihu, wanda tsofaffi na cikin waɗanda aka yi dominsu. Zamfara na da hukumar taimakekeniyar lafiya ta ZAMCHEMA, kuma Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin lafiya a farkon 2024. Dukkan ƙananan hukumomin uku na cikin mazaɓar Zamfara ta Yamma da Sanata Abdul'aziz Yari ke wakilta, wanda shi ne gwamna daga 2011 zuwa 2019, lokacin da aka yi aikin tsabtace Bagega.

Matakin farko mai araha ne: rajistar matan da suka haura 45 a ƙauyukan da gubar ta shafa, a fara da iyayen yaran da aka yi wa magani. Kowace a auna mata dalma a jini, ƙoda, hawan jini da tsawo. Manyan asibitocin Anka, Bukkuyum da Gummi su samu ingantaccen gwajin ƙoda da kalsiyam, a riƙa tura masu matsala zuwa Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Masu ɗori, waɗanda su ne ke fara ganin karayar, a jawo su a jiki domin su riƙa tura duk tsohuwar da ta karye daga 'yar faɗuwa. Sai bayan haka maganar sa maganin cikin jerin waɗanda inshora ke biya za ta yi ma'ana.

Lokaci kuma ba ya jira. A Disambar 2024 Gwamnatin Tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai da ta ƙaƙaba wa Zamfara tun Afrilun 2019, haramcin da dama bai hana haƙar ɓoye ba. 'Yan matan da suka tsira daga gubar suna ƙanana a 2010 sun kai shekarun aure da haihuwa, da nasu kason dalmar a ƙashi. A Meziko, gwaji ya nuna cewa ba masu ciki da masu shayarwa miligiram 1,200 na kalsiyam a kullum na ɗan rage dalmar da ke jininsu.

Tarihin Bagega ya nuna yadda abubuwa ke motsi a wannan fage. Gwamnatin Tarayya ta yi alƙawarin Naira miliyan 850 a 2012, amma ba a saki kuɗin tsabtace garin ba sai a farkon 2013, bayan matasan Follow The Money da ƙungiyar Human Rights Watch sun matsa lamba ta gangamin #SaveBagega. A wancan karon akwai ƙananan kaburbura da za a ƙirga a nuna wa duniya. Matan Dareta da 'Yargalma ba za su mutu rana ɗaya ba: ɗaya za ta karye a bana, wata ƙodarta ta tsaya a baɗi, kowace a ce kwana ne ya ƙare. Tambayar da ta rage ga Ma'aikatar Lafiya ta Zamfara da wakilan yankin a majalisa mai sauƙi ce: tun da aka karɓi shirin a 2022, iyaye mata nawa aka gwada?