Gyaran Jikin Maza: Ba A Yi Mana Awo Da Mudun Mata Ba

Ni ban ga abin dariya ba idan namiji ya nemi gyaran jikinsa. Tun 2011 Wayne Rooney ya fito fili ya ce an yi masa dashen gashi, ga maza kuma suna tururuwa Istanbul saboda sanƙo. Damuwata ita ce masu yi wa maza aiki da awon mata. Fatarmu ta fi kauri, jijiyoyin jini sun yi yawa a wurin gemu, shi ya sa namiji ya fi zubar da jini a tiyatar fuska. Allurar Botox ma sai an ƙara masa, don naman goshinsa ya fi ƙarfi. Mu baƙar fata kuma ga tabo mai kumbura. Ɗan'uwa, tambayi likitan: maza nawa ya taɓa yi wa?