"Masha Allah, Ya Yi Kyau" Ba Gyara Ba Ne

Idan matashi ya rubuta sharhi a kan sabon babur, ya miƙa wa wanda ya fi shi sani don ya duba masa, amsar da yakan samu ba ta wuce biyu. Ko dai a ce masa "Masha Allah, ya yi kyau," ko kuma a gyara masa waƙafi da ƙugiyar haruffa a mayar masa da abinsa. Ta farko kara ce, ta biyu gudun wahala, kuma dukansu sun kauce wa tambayar da ta fi kowace nauyi: wa zai karanta wannan rubutu, kuma wace shawara zai yanke idan ya gama?

Yawancin irin wannan sharhi salonsa na aro ne. Asalinsa mujallun Ingila da Amurka, irin su Motor Cycle News da aka kafa a 1955 da Cycle World da ta fara fitowa a 1962. Ga akasarin masu karanta su, babur abin sha'awa ne da ake fita da shi ranar hutu, shi ya sa ake buɗe musu da ƙarfin inji da iyakar gudu da yadda babur ke kwanciya a kwana. A Gusau ko Maraɗi kuwa, babur jari ne. Boxer na kamfanin Bajaj na Indiya, mai inji kusan cc 100 da giya huɗu, ba da gudu ya mamaye ƙauyuka ba. Ya mamaye su ne saboda yana ɗaukar mutum da buhunsa a hanyar burji, kuma kowane bakanike na gindin bishiya ya san cikinsa. Marubucin da ya ɓata sakin layi uku yana kwatanta shi da damisa bai faɗa wa mai saye komai ba, kuma mai dubawar da ya bar masa damisar ya taya shi ɓata lokacin mutane.

Tun daga 29 ga Mayu, 2023, ranar da aka sanar da janye tallafin man fetur a Nijeriya, tambayar farko a bakin kowane mai babur ita ce: kilomita nawa lita ɗaya ke kaiwa? Adadin da kamfani ke bugawa a takardar talla an auna shi ne a yanayin gwaji, ba da fasinja da kaya a cikin rairayi ba. Haƙƙin mai dubawa ne ya tambayi marubuci ko ya auna da kansa. Awon ba shi da wuya: a cika tanki, a rubuta abin da ma'aunin tafiya ya nuna, a yi zirga-zirgar da aka saba, a sake cikawa, sannan a raba kilomitocin da litocin da suka shiga. Duk adadin da bai zo da bayanin hanya da nauyin kaya ba, talla ne aka sa wa rigar sharhi.

Tsarin rubutun ma yana buƙatar a juya shi. Hukunci ya zo a sakin layi na farko: wa babur ɗin ya dace da shi, wa bai dace da shi ba. Alƙaluma su taru wuri guda, kada a watsa su cikin kirari. Sai farashin sarƙa da filogi da taya da kayan birki, da garin da ake samunsu. Sai aibi, a faɗe shi ƙarara. Idan kuma dillali ne ya ba da aron babur ɗin, a sanar da mai karatu tun daga farko.

Akwai gibin da ya fi waɗannan haɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haɗurran hanya na kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara. Lokacin da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta fara tilasta sa hular kwano a ranar 1 ga Janairu, 2009, an ga 'yan acaɓa da ƙwarya a ka. Inda hula ke da irin wannan matsayi, sharhin da ke alfahari da gudu, bai ce uffan a kan birki ba, ya wuce matsalar salo. Haka nan wanda ke kwaɗaitar da matasa sayen babur don acaɓa, bai ambaci cewa Kano ta hana sana'ar a Janairun 2013 ba, Legas kuma ta hana ta a wasu ƙananan hukumominta a Yunin 2022.

Masu kare kara za su ce rubutun fasaha da Hausa bai da yawa, tsananin suka zai kashe gwiwar masu tasowa. Damuwar gaskiya ce, amma maganinta shi ne a iya gyaran: a nuna jimlar da ta gaza, a faɗi dalili, a bar mutuncin marubuci a gefe. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Marubucin da aka yi wa kara ya koma gida da murmushi, mai dubawa ya tsira da zumuncinsa. Wanda ke biyan kuɗin wannan kara shi ne mutumin da ya sayar da tumakinsa, ko ya karɓi babur bashi yana biya duk mako, don ya gaskata abin da ya karanta.