Shekara 40 bayan hatsarin Paris-Dakar: wane irin taimako Dakoro ke jira daga masu motoci?

A cikin watan Janairun 2026, yayin da ake gudanar da tseren Dakar a ƙasar Saudiyya, aka cika shekara 40 da faɗuwar jirgin da ya hallaka Thierry Sabine, wanda ya ƙirƙiro gasar, da mawaƙin Faransa Daniel Balavoine. Tarihin nan namu ne, domin a kan rairayin Nijar motocin tseren suka yi suna, kuma a nan Sahel aka gwada haɗa wasan mota da aikin jinƙai. Yau da ƙungiyoyin agaji na waje ke raguwa, tambayar ta dawo gida: me masu sha'awar mota da moto za su iya yi wa gari irin Dakoro?

Ƙura da famfon ruwa

Ranar 26 ga Disamban 1978 aka tashi tseren farko daga birnin Paris, da motoci da babura 182. Suka ratso Aljeriya, suka biyo ta Agadas da Yamai, 74 kaɗai suka isa Dakar. A 1983 ayarin ya tsallake Tenere karon farko, inda guguwar rairayi ta ɓatar da ƴan tsere da dama. Manyan kamfanoni suka shigo: Porsche ta ci gasar a 1984, ta sake ci a 1986.

Sai dai shekarun nan sun zo daidai da farin 1984, yunwar da mutanenmu ke kira El-Buhari, wadda ta share garkunan makiyaya a arewacin jahar Maraɗi. Motoci na miliyoyi suna wucewa ta gaban mutanen da ba su da tiyar hatsi a rumbu. Suka ta yi yawa a Turai, kuma a cikin wannan yanayi aka fito da shirin Paris du Coeur na kai famfunan ruwa ƙauyuka. Wannan aiki ne ya kawo Balavoine cikin ayarin 1986. Ranar 14 ga Janairu jirginsu mai saukar ungulu ya faɗi kusa da Gourma-Rharous a ƙasar Mali, mutum biyar suka rasu. Daga baya aka watsa tokar Sabine a gindin wani icce a cikin Tenere.

An ci gaba da tsere. A 1997 hanyar ta zama Dakar-Agadas-Dakar. A 2000 ayarin ya tsaya a Yamai saboda barazanar tsaro, aka kwashe motocin ta jirgin sama zuwa Libiya. A 2006 motocin ayarin suka kashe yara biyu, ɗaya a Gine, ɗaya a Senegal. A 2008 aka soke gasar bayan kisan Faransawa huɗu a Muritaniya, ta koma Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya tun 2020.

Abin da tarihin ya nuna a fili yake. Ayari yana zuwa sau ɗaya a shekara, ya sauke kyauta ya wuce. Famfo kuwa kullum ake aiki da shi, yana son mai gyara, yana son kayan canji, yana son wanda za a tambaya in ya tsaya. Duk wanda ya zaga ƙauyukanmu ya ga famfo ko injin niƙa da aka yi bikin buɗewa da kiɗa, yau akuyoyi ke kwana a gindinsa. Ranar da gasar ta bar Afirka, alherin da ke rataye da ita ya bi ta. Abin da ya ɗore shi ne wanda aka ba tsari na dindindin, kamar gidauniyar FXB da mahaifiyar matuƙin jirgin, François-Xavier Bagnoud, ta kafa a 1989, wadda har yau take yaƙi da talauci a ƙasashe da dama.

Dalilin da zancen ya taso yanzu

Tun daga 2024, taswirar agaji ta canza a Nijar. A Nuwamban 2024 gwamnati ta janye izinin aikin ƙungiyoyin Acted da APBE. A Fabrairun 2025 aka umarci kwamitin ƙasa da ƙasa na Croix-Rouge ya rufe ofishinsa. A 2025 ɗin kuma Amurka ta rushe hukumarta ta USAID, wadda ke ɗaukar nauyin ayyukan lafiya da abinci masu yawa a Sahel. Hukumomi a nasu ɓangare suna kira da a dogara da kai, abin da ya sa aka kafa asusun FSSP a Oktoban 2023.

Bukata kuwa tana nan inda take. Ambaliyar 2024 ta kashe mutum fiye da 300, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, jahar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki, har aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba. Dakoro ta san ranar ƙungiyoyin waje: a yunwar 2005 likitocin MSF sun buɗe cibiyar kula da yara masu tamowa a garin, daga baya ALIMA da BEFEN suka yi aiki tare da asibitin gunduma. In irin wannan tallafi ya ragu, wani zai cike giɓin, ko kuwa talaka ya biya da ransa.

A daidai wannan lokaci ne ake ƙara ganin kulob-kulob na masu manyan motoci da manyan babura a biranen Yamai, Kano da Abuja. Suna haɗuwa ƙarshen mako, su yi jerin gwano, su raka abokinsu ɗaurin aure, in azumi ya zo su kai buhunan shinkafa gidan marayu, hotuna su cika Facebook da TikTok. Ba a raina alheri, kuma wanda ya sha ruwa da shinkafar nan ya san amfaninta. Amma tsarin bai bambanta da na ayarin Dakar ba: ziyarar yini ɗaya, sai baɗi.

A Dakoro motar tsere mai jan ciki ba ta da inda za ta, da zarar an sauka daga kwalta rairayi ke amsar ta. Masu son ƙarfe a nan su ne ƴan kasuwa da dillalan dabbobi masu Hilux da Land Cruiser, direbobin tasha da sandikarsu, ƴan kabu-kabu, makanikai, da samarin fada da ke kashe kuɗin wata guda wajen yi wa moto ado. Suna da zumuncinsu, suna da asusun biki da suna, suna haɗa kuɗi in ɗaya ya yi hatsari. Ƙungiyar tana nan a tsaye, abin da ya rage shi ne ta duba waje da ƴaƴanta.

Misalai biyu da suka yi aiki

Na farko daga duniyar tsere ya fito. A ƙarshen shekarun 1980, ɗan tseren babur na Amurka Randy Mamola da wasu Turawan Ingila biyu, Barry da Andrea Coleman, suna tara wa ƙungiyar Save the Children kuɗi. Da aka kai ziyara Somaliya, sai aka tarar da baburan ma'aikatan lafiya kusan sababbi a yashe, saboda rashin ƙaramin gyara. Daga nan aka haifi Riders for Health, wadda ta zama ƙungiya mai zaman kanta a 1996. Aikinta shi ne koya wa ma'aikacin lafiya tuƙi, duba mai da sarƙa kowace safiya, da aiko makanike a kan lokaci tun kafin babur ya lalace. Ta yi aiki a Lesotho, Gambiya, Najeriya da wasu ƙasashe. Ƴan tseren sun ba da abin da suka fi kowa sani, wato kula da inji.

Na biyu a ƙasar Hausa aka yi shi. A jahohin Katsina, Zamfara, Jigawa da Yobe, ƙungiyar direbobi ta NURTW, da taimakon ƙungiyar Transaid, ta horar da direbobin sa-kai domin ɗaukar matan da haihuwa ta zo wa da gardama zuwa asibiti, dare ko rana, a kan kuɗin mai kawai ko ma kyauta. Ladan direba a tasha yake: wanda ya kai mai naƙuda, in ya dawo sai a sa shi gaban layi ya yi lodi. Ba a sayi sabuwar mota ko ɗaya ba. An yi amfani da motocin da ke akwai, da lambar waya, da mutuncin da direba ke samu a idon ƴan uwansa.

Nisa da jini

Gundumar Dakoro faɗi gare ta. Daga garin zuwa Maraɗi kimanin kilomita 120 ne a kan kwalta, amma matar da ke wani ƙauyen Azagor, Tagriss ko Bader Goula, ko rugar da ke kwarin Tarka, sai ta fara ratsa rairayi kafin ta ga kwaltar. Tun 2005 da 2006 doka ta sa tiyatar haihuwa da maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar su zama kyauta, kuma tun 1 ga Satumban 2024 an rage kuɗin asibitocin gwamnati da rabi. Duk da haka mai naƙuda sai ta isa asibiti kafin ta ci moriyar dokar. Kuɗin mota, da neman mai motar da tsakar dare, su ne ke cinye sa'o'in da jini ke zuba.

Lissafin ba ya da wuya. A ce mota na shan lita 12 a kilomita 100. Zuwa Maraɗi da dawowa kusan lita 30 ke nan, a farashin sefa 499 da gwamnati ta tsaida a Yulin 2024, kusan jika 15. Ƙungiya mai mutum 30, kowa na zuba jika 2 a wata, ta sami jika 60, wato tafiya huɗu zuwa Maraɗi, ko fiye da haka in daga ƙauye zuwa CSI mafi kusa ne. Kuɗin nan bai kai abin da ake ƙonewa a jerin gwanon biki ɗaya ba.

Abu na biyu jini ne. Daga Agusta zuwa Oktoba zazzaɓin cizon sauro ke cika ɗakin yara, da yawansu jininsu ya ƙare, iyaye na yawo suna neman wanda zai bayar. Namiji mai lafiya na iya ba da jini duk bayan wata uku. Samari 30 da aka san rukunin jininsu, aka rubuta lambobinsu a wurin ma'aikatan asibiti, sun fi tirelar shinkafa amfani a daren da yaro ke tsakanin rai da mutuwa. Ga shi su kansu masu moto suna cikin waɗanda ke bukatar jinin in tsautsayi ya faɗa.

Na uku shi ne hannun makanike. Motar ɗaukar marasa lafiya da babur ɗin allurar rigakafi sukan kwanta makonni saboda batir, taya ko bel. Garejin da ya ɗauki alkawarin duba su sau ɗaya a wata ya yi sadakar da ba ta bukatar hoto.

Inda gizo ke saƙa

Akwai abubuwa uku da ke iya ɓata aikin. Na farko amana. Ƙungiyoyi nawa suka watse a kan kuɗin asusu? Maganin ba nesa yake ba: a jahar Maraɗi ne ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a 1991, wanda yau ake koyi da shi a ƙasashe da yawa. Akwati mai makullai a hannun mutane daban-daban, ana ƙirga kuɗi a gaban kowa, ana faɗin abin da ya shiga da abin da ya fita. Abin da matan ƙauye suka riƙe shekara fiye da 30, bai kamata ya gagari masu mota ba. Kuma a lokacin da hukuma ke sa ido sosai a kan ƙungiyoyi, ya fi kyau a yi rajista bisa dokar 84-06 ta 1 ga Maris 1984, a sanar da magajin gari da likitan gunduma.

Na biyu siyasa da riya. Da zarar wani mai neman suna ya saye ƙungiya da riguna masu hotonsa, sauran jama'a za su ja baya. Hoton maraya yana riƙe da buhu kuwa, yaron zai girma ya gan shi. Addini da al'ada duka sun fi son kyautar da ba ta tozarta mai karɓa.

Na uku shi ne hatsarin da masu ƙarfen ke jawowa da kansu. Ba ya yiwuwa a ba da jini da safe, da marece a yi wasan moto a tsakiyar kasuwa, ba hular kwano, ba farmi, yara na tsallaka hanya. Yaran nan biyu na Gine da Senegal ba famfon da ya biya iyayensu. Ƙungiyar da ke son a kira ta ta taimako, sharaɗinta na farko shi ne ta hukunta ɗanta mai gudun ganganci a cikin gari.

Wannan duka ba ya sauke wa gwamnati nauyin da ke kanta. Hanya, motar asibiti da ma'ajiyar jini haƙƙin ƴan ƙasa ne, sadakar samari ba za ta maye gurbinsu ba. Amma kafin damina ta sauka akwai lokaci. Lokacin ya isa sandikar direbobi, ƴan kabu-kabu, fadoji da shugabannin asibitin Dakoro su zauna, su fitar da jerin direbobin sa-kai ƙauye-ƙauye, su buɗe asusun mai, su rubuta masu ba da jini. In aka yi haka, a watan Agusta za a ga bambancin a ɗakin haihuwa da ɗakin yara.